Wasiƙa zuwa ga aminina a kan motarsa GT86

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan Jamus lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama. Hoton Toyota GT86 ɗin da ka turo ya iso, Allah ya sa alheri, ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Tun da ta fito a 2012 nake ƙaunar motar nan da Toyota da Subaru suka haɗa gwiwa suka ƙera. Ba ta da nauyi, ƙafar baya ke tura ta, kuma tana jin sitiyari a kwana.

Ka ce za ka sa mata koyiloba don ta kwanta ƙasa kamar waɗanda kake gani a intanet, shi ya sa na zauna rubuta maka wannan. Koyiloba dai shokazoba ce da aka zura wa sifirin, jikinta da zare irin na kusoshi, sai a murɗa zobba da sifana a ɗaga mota ko a sauke ta. Abu ne mai kyau, amma mutumina, motocin da kake gani a hotunan nan a kan titi mai santsi suke yawo. Taka kuwa za ta bi hanyar Abuja zuwa Kaduna, ta hau tudun rage gudu na cikin unguwa, ta faɗa ramin da damina ta haƙa. Tsakanin cikinta da ƙasa tun daga kamfani bai wuce kamar santimita 13 ba. In ka cire biyar daga ciki, me ya rage?

Ni na taɓa yin wannan kuskuren. Na sayi wata mai araha, na sauke motata sosai, na ɗaure ta tamau. Sai ga shi shokazobar ba ta da sauran wurin motsi, da an taka ɗan tudu sai ta daki robar ƙarshe, tayar ta yi tsalle ta bar kwalta. A wata kwana bayan ruwan sama bayan motar ya zame, Allah ne ya kiyaye. Taurin sifirin bai ƙara mini riƙon hanya ba, rage shi ya yi, domin tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta riƙe komai. Don haka kada ka sauke fiye da santimita 2 zuwa 2.5.

Game da wadda za ka saya, in aljihu ya yarda, ka duba KW V3 ta nan Jamus ko Öhlins Road & Track ta Suwidin. KW V3 tana barin ka saita taurin matsewar shokazoba daban, na dawowarta daban, kuma jikinta baƙin ƙarfe ne marar tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Amma ni a wurinka BC Racing BR ta Taiwan ma ta isa: maɓallin saita tauri ɗaya ne mai danni 30, kuma in cikinta ya mutu ana sayar da shi daban a canja. Wannan ya fi maka muhimmanci a kan suna, tunda ba a kusa da kai masu gyaran koyiloba suke ba. Ka nemi mai kan roba, wato inda samanta ke haɗuwa da jikin mota, ka bar mai ƙwallon ƙarfe a wurin, don ita za ta cika maka kunne da ƙara a hanyoyinmu.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a kan bakaniken. A ajiye motar a daɓe mai daidai, a auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen fenda, hagu da dama su zo ɗaya. A BC ana saita tsayi ne daga ƙasan shokazoba, kada ya matse sifirin don neman tsayi. Kusoshin da ke riƙe bushin kuma sai motar ta sauka a kan ƙafafunta za a ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robar za ta yage da wuri. Ka tuƙa ta mako guda ta zauna, sannan a yi alayimen. Ka sani cewa in an sauke GT86 tayoyin baya kan karkata ciki, kuma ba ta zo da abin gyara wannan karkatar ba, sai an sa mata hannun ƙasa mai saiti, wato ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, ko kuwa ta cinye maka taya ta gefen ciki.

Dannin maɓallin tauri kuma ka ƙirga daga can ƙarshen tauri, ka fara a tsakiya. Ka zaɓi hanya ɗaya da ka sani, ka riƙa canja danni biyu-biyu kana rubutawa. In tana lilo bayan tudu, ƙara tauri. In tana girgiza maka haƙora, sassauta. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna kashe zaren, sai ka riƙa wankewa kana shafa mai.

Ka turo mini ma'aunin tsayinta na yanzu kafin ka biya kuɗi, mu duba tare. A gaida Hajiya, a ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Amininka