Idan na'ura ta kashe mutum, wa zai biya diyya?

Assalamu alaikum malam edita, ina gaishe ku da aiki ku da sauran ma'aikatan gidan baki ɗaya. Na saurari shirin da kuka yi kan ƙirƙirarriyar basirar nan da yaranmu ƴan lakwal ke ce ma IA, kuma wallahi tun daren abin ke cina shi ya sa na ce bari in rubuto.

Watan jiya aka turo saƙon murya ta WhatsApp a salular ƙanwata, muryar ƙanenmu da ke aiki Agadas ce sak, har yadda yake jan "Innaa" ɗin nan nashi, wai ya yi hatsari yana asibiti a turo jikka hamsin maza. Tsohuwa har ta kwance bakin zane ta fara ƙirga kuɗin adashinta hannu na rawa, Allah ya sa na shigo na kira shi, ashe yana zaune fada yana shan shayi lafiya lau. Kuɗi dai ba su tafi ba, amma har yau in ya bugo sai ta tambaye shi sunan kakarta kafin ta saki jiki. Uwa ta daina yarda da muryar ɗan da ta haifa, ni wannan ya fi mini ciwo bisa ga jikka hamsin.

To wannan ƙaramin alhaki ne in aka dubi abin da masu ƙera abin ke faɗi da bakinsu. Geoffrey Hinton, wanda ake ce ma kakan wannan fasaha, ya bar Google a 2023 don ya samu sakewar yin gargaɗi, kuma a watan Mayun shekarar shugabannin manyan kamfanonin suka sa hannu a takarda cewa haɗarin abin ga ɗan Adam a jera shi da annoba da yaƙin nukiliya. Sun sa hannu kuma ba su tsaya ba, kamar mai haƙa rijiya tsakiyar hanya yana kiran a yi hattara amma diga na hannunshi.

Mu kuwa ba yau muka fara ganin irin haka ba. Yuraniyom ɗin bam ɗin da Amurka ta jefa Hiroshima a 1945 akasarinshi daga Kwango aka haƙo shi. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, nan maƙwabtanmu, ba wanda ya nemi shawarar makiyayan wurin. Tun 1971 aka fara kwasar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana haska biranen Turai, mu nan Maradi kuran na ɗaukewa muna fifita da mafici, da aka rufe kamfanin haƙar yuraniyom na Cominak a 2021 tulin dattin ma'adinin nan aka bar ma mutanen garin. Kayan aiki daga nahiyarmu, gwaji a nahiyarmu, amma wurin da ake yanke shawara ba mu da ko tabarma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgi maras matuƙi. Kowa ya ji abin da ya faru Tudun Biri a jihar Kaduna cikin Disamba 2023, mutane na maulidi aka sako musu bam, sama da 80 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Can aƙalla akwai mutum da ya danna, sojoji sun fito sun ce kuskure ne, akwai wanda za a tuhuma. To ranar da na'ura ce da kanta za ta duba ta zaɓi wanda za ta harba fa? Addininmu ya ce kisan kuskure ma akwai diyya akwai kaffara, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere, yana nan cikin suratun Nisa'i. Na'ura za ta yi azumi ne? Wanda ya ƙera zai ce shi sayarwa ya yi, wanda ya saya zai ce kwamfuta ce ta yi lissafi, marayu kuma su kama wa?

Ba wai ina ƙin ci gaba ba ne, ni ma da salula nake jin farashin wake da gujiya kafin in fita kasuwa.

Na ji a 2021 ƙasashe 193 na UNESCO sun amince da ƙa'idojin ɗa'a kan wannan fasaha, amma ban taɓa jin wanda ya zauna ya warware mana su da Hausa ba. Don Allah malam edita ku sake shirin, ku gayyato malamai daga jami'ar Dan Dikko Dan Kulodo da malaman fiƙihu su zauna tare, ku buɗe layi, ku sa shi bayan isha'i lokacin da manoma sun dawo gida. Kuma kafin nan ku riƙa sanarwa ko da minti ɗaya ne kullum cewa yanzu ana iya satar muryar mutum, don tsofaffi irin innata rediyo kawai suke saurare.

Naku mai saurare,
daga unguwar Zariya, Maradi