Barka da Sallah daga Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, barkanmu da sallah. Allah ya karɓi layyarku, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Abba, na san kai za ka karanta wa Hajiya, to ka bi a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Mu nan da sanyin safiya aka sauko daga idi, domin rana na fitowa da 'yan mintuna liman yake tayar da sallah. Agogon Jidda yana gaban na Kano da awa biyu, wato ina hanyar komawa ɗaki ku ko asuba ba ku yi ba. Na yi ta waige-waige ko zan ga rago ɗaure a ƙofar wani gida, ban ga ko ɗaya ba. Yanka a bakin titi hukuma ta hana. Wani ya kai dabbarsa mayanka ya bi layi, wani kuma ya biya kuɗi ta banki ko ta waya, can anjima saƙo ya shigo cewa an yanka masa. Ni ma haka na yi. Layya ta yi, kuma naman yana isa ga mabukata har a ƙasashe masu nisa. Amma Hajiya, sallar da babu ƙaurin babbaka a cikinta, wallahi zuciyata ta kasa zama.

Nama dai ga shi nan tuli a kan shinkafa, da kabsa da mandi, sai wanda mutum ya ture. Suyar gidanmu ce babu. Yadda Baba yake buɗe baki da hanta in ya dawo daga idi. Yadda ake barin tsokar ta kwana a rataye ta sha iska, washegari a kafa murhu a tsakar gida, ki fara narkar da kitse, sannan a zuba nama ya soyu a cikin mansa har ya yi duhu, ya yi watanni a ajiye bai canza ba. Gwaggo tana riƙe da matsami tana korar yara, su kuma suna zagayowa ta baya. Ga yajin da kike dakawa tun ana sauran kwanaki, wanda ko a Kurmi ban taɓa samun irinsa ba. Na kwatanta wa wani abokin aikina ɗan Masar, ya ce ai firji ya raba wannan gardama. Shiru kawai na yi.

Alhamdu lillahi dai ban yini ni kaɗai ba. Mutanenmu na Karantina sun kira ni, an yi tuwon shinkafa da miyar kuka, an sha hira. Akwai dattijon da kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya tsallako teku ta Sawakin. Bai taɓa ganin Kano ba, amma da na ambaci Dala sai da ya sa na maimaita.

Shago a rufe yake kwanakin sallah, don haka da na dawo sai na buɗe aikin nan da na faɗa maka, Abba, wato manhajar da nake rubutawa don tsofaffin kwamfutoci. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, mutane suke kawo mana kwamfutoci lafiyayyu su ce a kwashe, saboda Windows 11 tana neman ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, aƙalla gigabait 4 da wani guntun tsaro da tsofaffin ba su da shi. Duk wadda na ɗaga sai na tuna da na Islamiyyar bayan gidanmu, masu gigabait 2, waɗanda ake kunnawa a je a yi alwala a dawo ba su gama tashi ba. Su nake ginawa abin nan, a kan Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows.

Ga yadda yake. Tsarin X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, shi ke zana abu a fuskar kwamfuta, amma ba ya yanke hukuncin inda taga, wato akwatin da kowace manhaja take buɗewa a ciki, za ta tsaya. Wannan aikin wata ƙaramar manhaja ce mai tsara tagogi, kamar 'yan agaji a filin idi: kai matso nan, kai koma baya, a gyara sahu. In wata manhaja ta nemi buɗe taga, X ba ya nuna ta, sai ya miƙa buƙatar ga mai tsarawa, shi ya ba ta wuri da girma, ya ɗora mata suna da maɓallin rufewa. Kuma guda ɗaya tak ake yarda ya riƙe wannan matsayi a lokaci guda. Nawa mai tsara tagogin da harshen rubuta manhaja na C nake rubuta shi.

Na karanta rubutun dwm, wani mai tsara tagogi irin wannan, daga farko har ƙarshe. Masu shi sun ɗaure kansu kada ya wuce layi 2000, kuma aiki ne mai tsafta ƙwarai. Sai dai in kana son canza ko da launi ne, dole ka gyara rubutun manhajar ka sake haɗa ta, kuma kusan komai da madannai ake yi. Malamin Islamiyyar ba zai yi wannan ba, bai kuma kamata a ce ya yi ba. Na fi karkata ga hanyar LXDE, wata fuskar kwamfuta mara nauyi wadda Hong Jen Yee ɗan Taiwan ya fara a 2006: ƙananan sassa, kowanne da aikinsa. Don haka nawa ba inuwa a gefen taga, ba walƙiya in an buɗe ko an rufe. Zane ɗaya ne a ƙasa mai maɓalli da agogo da alamar batir. Agogon ma sau ɗaya yake motsawa a minti, don kada ya riƙa tashin injin kowace daƙiƙa yana cinye caji. Saitin mai amfani kuwa sai an rubuta shi a sabon fayil ya kammala sannan a maye gurbin tsohon, saboda ɗauke wuta ba ta sallama.

Wuri ɗaya na yarda da nauyi. Hanyar rubutu mafi sauƙi tana watsa haruffan Larabci, su fito a rarrabe kuma a juye. Sai na sa Pango, wata manhajar tsara rubutu mai haɗa su daidai daga dama zuwa hagu. Ta ƙara wa abin nauyi, amma ba zan kai wa makarantar da ake koyar da Alƙur'ani abin da zai ɓata sunan sura ba. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, tuni Linux yana da tsarin madannai na Hausa, kunna shi kawai na yi. Wani abokina yana ta cewa in koma Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X, tunda manya can suka nufa. Gaskiyarsa, amma a tsofaffin injinan nan X yana aiki lafiya, sauran sai nan gaba.

Abba, bayan sallah ka je ka ɗauko mini hoton bayan kowace kwamfuta a makarantar, inda lambarta take. Zan ba Alhajin layinmu filashi in za su taso, ka gwada ka faɗa mini duk inda ta maƙale.

A gaishe da Baba da kyau, a ce ya ci gaba da sa mini albarka. A gaishe da Gwaggo, da Kawu da iyalinsa, da Baffa na Fagge. Yaya Babba, na ga hoton jaririyar, Allah ya raya ta, goshin Hajiya ne sak. Auta, an ce kin kai izu ashirin, na yi murna har na faɗa wa duk wanda ke shago. Kuɗin barka da sallarki yana wurin Abba, kada ki yarda ya rage ko sisi, kuma ke za ki fara taɓa kwamfutar in ta tashi. Iya kuwa, a durƙusa a gaishe mini da ita, a faɗa mata da ƙarfi yadda za ta ji cewa man zafin ƙafarta da dabino suna cikin kayan Alhaji, kuma ina cin abinci, ban rame ba. Malam da ɗalibai, 'yan majalisar ƙofar gida, maƙwabta gaba da baya, duk ina gaisuwa.

Hajiya, ki yafe mini, ki sa ni a addu'a. Zan kira gobe da la'asar ɗinku in layi ya yi kyau.

Wassalam,
Ɗanki na Jidda