Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Ritayar Dole Da Tsayar Da Albashin Malaman Firamare

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi,
Daga iyayen yara, kwamitocin kula da makarantu, limamai, masu unguwanni da tsofaffin malamai na wannan gunduma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma da jaddada mubaya'a, mu talakawanka muna neman afuwa bisa kawo kukanmu fada a rubuce. Mun san Sarki ba shi ke ɗaukar malami aiki ba, ba shi ke sallamarsa ba. Amma Sarki uban ƙasa ne, kuma ƙofar da ake rufe wa talaka ba a rufe wa Sarki ita. Da muna da wata hanyar da ba mu bi ba, da ba mu dami fada ba. Tura ce ta kai bango.

Ranka ya daɗe, ranar Litinin ta makon jiya aka wayi gari da takarda manne a allon sanarwa na ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu. Jerin sunayen malaman firamare ne, an ce ritaya ta kama su, kowa ya miƙa rajista da makullai ga na ƙasa da shi. Babu wanda aka kira. Babu wanda aka rubuta wa wasiƙa da sunansa. Abin da ya fi ƙona rai, an riga an cire su daga jerin masu albashi tun kafin a manna takardar, don haka da yawansu a wurin mai POS suka fara jin labari, lokacin da abokan aikinsu suka ga alat su ba su gani ba. Dattijon da ya shekara talatin da wani abu yana riƙe da alli, wanda wasu ma'aikatan wannan ofishi ma a gabansa suka koyi baƙi da wasali, a bakin titi ya ji cewa aikinsa ya ƙare. Kuma a tsakiyar zangon karatu aka yi wannan, 'yan aji shida na shirin jarrabawar shiga ƙaramar sakandare.

Allah ya ba Sarki nasara, ba mu ce kada a yi ritaya ba. Kowane aiki yana da ranar ajiyewa. Abin da muke tambaya shi ne da wace doka aka yi aiki. Tsohuwar ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci ya sauka idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Amma a ranar 5 ga Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin ƙara wa malamai wa'adi, a watan Afrilun 2022 kuma ya sa hannu a dokar da ta mayar da shi shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ƙa'idar 60 da 35 ba ta hau kan malami ba. Ba kan malamin firamare aka fara irin wannan ba: tun 2012 farfesoshin jami'a ke kai shekara 70, a 2023 kuma aka gyara tsarin mulki alƙalan manyan kotuna su ma suka koma 70. Idan muka kai wannan magana ofis, amsar da ake ba mu ita ce dokar ta tarayya ce, sai jiha ta amince ta fitar da sanarwa. To, wasu jihohin sun amince, malamansu na cin gajiya. Mu har yau ba a ce mana an karɓa ba, ba a ce mana an ƙi ba. Ana dai ta sallamar mutane.

Ƙa'idar shekara 35 ita ta fi cin mutanenmu, kuma ga dalili. Yawancin waɗannan malamai da takardar Grade II suka kama aiki suna 'yan shekara 19 ko 20, daga baya suka yi NCE suna kan aiki. Wanda ya fara a 1990 yana ɗan shekara 20, a 2025 ya cika 35 a bakin aiki alhali shekarunsa 55. Idonsa garau, ƙafarsa garau, 'ya'yansa na ƙarshe suna sakandare, manyan suna neman kuɗin rajistar jami'a. A wannan shekaru babu mai ɗaukarsa sabon aiki, ba shi da jari, gonar gado kuma an raba ta tun tuni. Malaman da suka fara aiki da wuri su ne aka fi hukuntawa, saboda kawai sun amsa kira a lokacin da ƙasa ke neman malamai ruwa a jallo.

Sai maganar ranar haihuwa, wadda a cikinta ne zalunci ya fi yawa a wannan jeri. Sarki ya fi mu sanin yadda ake sa yara makaranta a da, musamman lokacin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976. Babu takardar haihuwa. Hedimasta ne zai ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, idan ya taɓo sai a rubuta masa shekara shida. Daga baya mutum ya yi takardar rantsuwar shekaru a kotu ranar ɗaukar aiki, wata shekara ta shiga fayil. Da aka zo rajistar BVN da NIN, yaron da ke kan kwamfuta ya buga abin da ya buga, sau da yawa 1 ga Janairu. Yanzu mutum ɗaya yana da ranakun haihuwa uku. Abin da aka saba, kuma shi ne adalci, a tsaya kan ranar da aka rubuta a fayil ranar da mutum ya kama aiki. Amma a wannan karo sai aka zaɓi wadda ta fi tsufar da mutum, ba a kira shi ya kare kansa ba.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, ranka ya daɗe. A jadawalin tsohon tsarin fansho, wanda ya yi shekara 10 yana da garatuti kashi 100 na albashinsa na shekara da fansho kashi 30. Kowace shekara bayan nan tana ƙara kashi 8 a garatuti da kashi 2 a fansho, har a kai kashi 300 da kashi 80 a shekara 35. Mu ɗauki misalin malami mai albashin naira 100,000 a wata. Idan ya cika 35, garatutinsa naira 3,600,000 ne, fanshonsa naira 80,000 a wata. Idan aka sauke shi saura shekara uku ya cika 35 saboda kuskuren ranar haihuwa, garatuti ya koma kashi 276, fansho kashi 74. Ya yi asarar naira 288,000 nan take, da naira 6,000 kowane wata har ƙarshen ransa, ban da albashin shekara ukun. Ga kuma wani salo: idan ofis ya ce mutum ya wuce ranar ritayarsa, duk albashin da ya karɓa bayan ranar sai a zare shi daga garatuti. Ya shiga aji, ya koyar, ya sa hannu a rajista, ofis ne ya manta bai sanar da shi ba, amma shi ake ci tara. Muna roƙon Sarki ya tambaya mana, a wace shari'a ake karɓe ladan aikin da aka riga aka yi?

A ƙa'ida, ma'aikaci yana ba da sanarwar wata uku kafin ranar saukarsa, a cikin watannin nan yake haɗa takardu: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardar albashin watan ƙarshe, tarihin aiki, shaidar shekaru, shaidar cewa ba a bin sa bashi, da hotuna. Fayil ya tashi daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin firamare ta jiha, a lissafa, mai binciken kuɗi ya duba ya sa hannu, sannan ya isa hukumar fansho a tantance mutum a sa shi a jeri. Hikimar wata ukun ita ce fansho ya tarar da albashi. Waɗannan bayin Allah ba a ba su ko kwana uku ba. Yanzu ne za su fara neman fayil, kuma duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san inda take maƙalewa: a ce takardar farko ta ɓace, a ce ruwa ya ci tarihin aiki, a ce mai sa hannu ya yi tafiya, a ce a dawo bayan Sallah. Kowace tafiya babban birnin jiha kuɗin mota ne da na hoton takardu, ga mutumin da aka yanke wa albashi, ga yadda kuɗin mota ya koma tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Waɗanda suka riga su sauka, akwai masu shekaru suna jiran garatuti. Akwai waɗanda magada ne yanzu ke yawo da fayil ɗinsu.

Wani abin kuma, da yawa cikinsu suna riƙe da takardar ƙarin girma da ba a taɓa biyan su kuɗinta ba. Takarda ta ce mataki na 14, albashi na kan mataki na 12, kuma da abin da ake biya ake lissafin fansho. An cuce su suna aiki, za a ci gaba da cutarsu suna gida. Sashe na 210 na tsarin mulki ya ce a riƙa duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma tsofaffin malamanmu na karɓar abin da aka yanka musu tun ranar da suka sauka.

Allah ya ƙara wa Sarki imani, muna jin masu cewa a bar tsofaffi su tafi don matasa su samu gurbi. 'Ya'yanmu ne matasan, masu NCE na nan zaune a gidajenmu, mu muka fi kowa son a ɗauke su. Amma ba a ɗauka. Malami ya sauka, gurbinsa ya zauna haka nan, a haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya, hedimasta ya koma koyar da lissafi, iyaye su yi karo-karo su biya ɗan sa-kai. A wannan jeri akwai makarantun da malamin Larabci da addini guda ɗaya tak suke da shi, an cire shi. Akwai makarantun ƙauye da malamar da ta sa iyaye suka yarda suka bar 'ya'ya mata a aji ita ce aka sallama. Sabon malami ma a hannun tsoho yake koyon tsara darasi da riƙon aji.

Ba yau muka fara ba. Mun rubuta, mun sake rubutawa. Mun je ofishin ilimi, an tura mu sakatariya, sakatariya ta ce maganar ta jiha ce. Reshen ƙungiyar malamai ya yi nasa zaman, an kafa kwamiti, ba mu ji rahotonsa ba. An sha yi mana alkawari a taron iyayen yara da lokacin yaƙin neman zaɓe. Abin da ya biyo bayan duk wannan haƙuri shi ne takardar ranar Litinin.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a dakatar da wannan jeri, a mayar wa malaman nan albashinsu na watan da aka riƙe, su koma aji aƙalla har ƙarshen shekarar karatu. Muna roƙon Sarki ya kai maganar gaban Mai Girma Gwamna da 'yan majalisarmu, jiha ta fito fili ta karɓi dokar 65 da 40. Ba mu ce a tilasta wa kowa zama ba. Wanda ya gaji ya tafi da mutuncinsa. Wanda ke son ci gaba ya rubuta ya nema, likitan gwamnati ya duba lafiyarsa, a ga rajistarsa ta TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista, kuma sharaɗi ya zama aji zai shiga, ba kujerar ofis zai riƙe ba.

Muna roƙon a zauna kan maganar ranakun haihuwa mutum bayan mutum, a gaban mai abin, da fayil ɗinsa na asali a kan tebur, kuma fada ta turo wakili ya shaida. Dagatai da masu unguwanni sun san sa'o'in kowa. A daina zare albashin aikin da aka riga aka yi daga garatuti. A biya ƙarin girma kafin a yi lissafi. A riƙa rubuta wa malami wasiƙa da sunansa wata shida kafin ranarsa, ba a manna shi a bango ba. A manna jerin masu jiran garatuti bisa ranar da kowa ya sauka, a biya bi da bi, don a daina tsallake marar kowa. Duk gurbin da ya buɗe a cike shi kafin a koma makaranta bayan hutu, a fara da 'ya'yan yankin.

Idan duk waɗannan sun yi yawa a lokaci guda, to, ranka ya daɗe, guda ɗaya muke roƙo a fara da shi: kada a sake tsayar da albashin malami sai watan da fanshonsa ya fara shiga. Kuma a mayar wa waɗanda aka riƙe wa nasu, don a gidajensu yanzu haka bashin masu shago ake ci.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da Sarki ya ba da izini, tare da malaman da abin ya shafa da kwafin takardunsu.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya zaunar da ƙasarsa lafiya. Amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Shugabannin ƙungiyoyin iyayen yara da malamai,
Kwamitocin kula da makarantu,
Wakilan limamai da masu unguwanni,
Wakilan tsofaffin malamai da magadan waɗanda suka rasu.