Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi: A Horar Mana da Masu Auna Hasken Magani

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Garwa, arewacin Kamaru, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jinyar gwaggona, wadda likita ya ce sankarar bakin mahaifarta sai an ƙona ta da haske. Muka hau mota zuwa Ngawundare, muka kwana cikin jirgin ƙasa har Yawunde, daga nan muka zarce Duwala, muka kama ɗaki haya na kusan wata biyu, domin ana haska mara lafiya kwana biyar a mako har tsawon makonni.

A can na lura da wani mutum da masu jinya ba su san aikinsa ba. Tun kafin a shigar da kowa yake auna ƙarfin hasken, shi ne kuma yake lissafa yawan wanda zai isa ƙarin ba tare da ya ƙona mafitsara ko hanji ba. Alamomin tawadar da aka ɗiga a marar gwaggo, aka hana ta wanke su, da su ake saita lissafinsa a jikinta. Ba likita ba ne, masanin fiziks ne irina, sai dai ya yi nisa a karatu.

Ranka ya daɗe, na'urar da duniya ta koma wa ita ce linak, mai ingiza ƙwayoyin lantarki har su kusa gudun haske, su doki ƙarfen tungsten, haske mai ratsa jiki ya fito. Tun 1953 aka fara jinya da ita a Landan, kuma 'yar ɗaki ɗaya ce da manyan injinan CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Janiba. Tsohuwar na'urar kobalt, wadda haskenta yake fitowa daga ƙarfen kobalt, tana da juriya, amma ƙarfinta yana raguwa da rabi duk shekara biyar da 'yan watanni, sai zaman mara lafiya a ƙarƙashinta ya yi ta tsawo. Linak kuwa ba ta jure zafi, ƙura da ɗaukewar wuta, kuma duk wanda ya yi bazara a Garwa, lokacin da ruwan Lagdo, madatsar da ke ba mu wutar lantarki, ya ja baya, ya san ukun nan a gidanmu suke. Wannan kaɗai ya isa fagen bincike ga ɗan arewa.

Kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar wannan magani. Na'ura ana iya sayo ta cikin shekara guda, amma mai kula da ita sai ya yi digiri na biyu, ya ƙara aƙalla shekara biyu yana koyo a asibiti. A ganina, sayen doki kafin a sami mai kiwonsa asara ce.

Roƙona shi ne a buɗe wannan fanni na auna hasken magani a ɗaya daga jami'o'in Ngawundare, Marwa ko Garwa, tare da haɗin gwiwar CEPAMOQ, cibiyar binciken fiziks ta Jami'ar Duwala, a nemi guraben horo daga hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wadda ta ƙaddamar da shirin tallafa wa irin wannan jinya a 2022 kuma maƙwabciyarmu Chadi tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. A kuma tanadar wa wanda ya kammala gurbin koyarwa da albashin da zai zaunar da shi a gida. Ina da ɗalibai biyu da za su zana bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, bana, sun tambaye ni inda za su karanta wannan fanni, na ce su ba ni lokaci.

Allah ya ja zamaninka.

Wani malamin fiziks, Garwa