Godiya ga shagon da ya hana ni asarar kuɗina

Assalamu alaikum. Ina so in gode wa masu wani ɗan shagon kayan kwamfuta da ke kasuwar Farm Centre a Kano, musamman saurayin da ke zama a bayan kanta.

Wata uku ina fama da rautar gidana, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci. Da yara sun dawo daga makaranta kowa ya kama wayarsa, sai ta sume, kuma ba ta ba ni damar toshe shafukan da ba na so su shiga. Sai na ƙudura in ɗora OPNsense, wata manhaja mai sarrafa intanet da tsare shi, a kan tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ɗaki, ta zama rauta kuma katangar tsaro. Shaguna biyu na fara shiga a wani wuri. Na farko ya miƙo mini kwali mai eriya shida, wai ita ce ƙarshe. Na biyu ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba.

Wannan yaro kuwa, tambayarsa ta farko ita ce, "Baba, in an ɗauke wuta da me kuke kunna ta?" Na ce inbata da batir ɗaya. Ya ce tsohuwar kwamfutar za ta shanye batirin kafin asuba, ƙurar hunturu kuma ta toshe fankarta. Sai ya ɗauko wata 'yar baƙar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu biyu ba, jikinta ƙarfe mai tsaga-tsaga don fitar da zafi, babu fanka ko ɗaya. Intel N100 ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki a cikinta, da bolt 12 take aiki. Ya juya ta, ya nuna mini kafofi huɗu na soka kebul ɗin intanet, ya ce na kamfanin Intel ne, domin a kan FreeBSD, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, aka gina OPNsense, kuma FreeBSD ya fi jituwa da su fiye da na kamfanin Realtek.

Abin da ya fi taɓa ni, na so in ƙara kuɗi in ɗauki mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 16, shi da kansa ya hana. Ya ce 8 ya ishi gida. Tsohuwar rautar ma ya ce kada in yar, in bar ta tana watsa Wi-Fi kawai.

Yau mai saye ya shiga shago yana ɗar-ɗar, don an saba a cusa maka abin da ya daɗe a kanta, in ka dawo da ƙorafi a ce ba a san ka ba. Wasu ko rasit ba sa bayarwa.

Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya ƙara wa maigidansa buɗi.

Naku,
Wani magidanci daga Kano