Mujallar da Ta Sake Rubuta Tarihin Ƙasar Hausa, Amma Hausawa Ba Su Karanta Ta Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina neman ɗan fili domin in yi tsokaci a kan wata mujallar ilimi wadda ta yi wa tarihin ƙasar Hausa hidima mai yawa, alhali galibin Hausawa, har da masu ƙaunar tarihi, ba su taɓa riƙe ta a hannu ba. Ina nufin mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda sunanta na asali shi ne Journal of the Historical Society of Nigeria.

An kafa ƙungiyar a Ibadan a shekarar 1955 ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Kenneth Dike, mujallar kuma ta fara fitowa a 1956, wato shekara huɗu kafin samun 'yancin kai. A wancan zamani abin da ake koyarwa da sunan tarihin Afirka yawancinsa labarin Turawa ne a Afirka: wane ne ya bi kogin Kwara har bakin teku, wane gwamna ya zo bayan wane. Har a 1963 wani babban farfesan Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili yana cewa idan aka cire ayyukan Turawa, abin da ya rage na tarihin Afirka duhu ne. Dike da abokansa sun zaɓi su ba da amsa da aiki. Dike ne ya tsaya tsayin daka har aka buɗe ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, sannan mujallar ta zama wurin da ake baje abin da aka tono daga tsofaffin takardu, da littattafan Larabci na hannu, da bakin dattawa, da haƙe-haƙen ƙasa.

Inda na fi so in tsaya shi ne abin da ya shafi Arewa, kuma a nan dole a ambaci H.F.C. Smith, Baturen da ya koyar a Ibadan, ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. A 1961 mujallar ta buga maƙalarsa a kan juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, inda ya nuna cewa masana sun yi watsi da babban al'amari. Ya haɗa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 da na Seku Ahmadu a Masina da na Alhaji Umar al-Futi a matsayin yunƙuri na malamai masu manufa, wanda ba za a fahimce shi ba sai an karanta abin da su kansu suka rubuta. Yau wannan magana kamar kowa ya san ta, amma a lokacin da aka yi ta, littattafan Turawa da dama suna bayyana jihadin a matsayin rikicin ƙabilanci tsakanin Fulani da Hausawa kawai.

Maƙalarsa ta 1970 a kan yadda masarautu suka samu a ƙasar Hausa ta fi wannan tayar da ƙura. Ya ƙi yarda a ɗauki labarin Bayajida a matsayin cikakken bayanin asalin sarauta, musamman yadda marubutan mulkin mallaka suka riƙe shi hujjar cewa sai da baƙo ya zo daga gabas sannan mutane suka iya mulkin kansu. Ya bi yadda gida ya zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa wanda yake mulkin ƙasar da ke kewaye da shi, ya kuma jawo hankali ga duwatsu irin su Dala da Kufena, inda albarkar ƙasa da tama da tsaro da bautar iskoki suka tara jama'a tun da daɗewa. Ba lallai mutum ya amince da duk abin da ya faɗa ba, kuma ni kaina ina ganin akwai darasi a labarin Daura wanda bai kamata a yar ba. Sai dai tun daga wannan maƙala babu mai binciken kirki da zai yi magana a kan asalin Hausa Bakwai bai tanka masa ba. Haka kuma a 1965 Murray Last da Muhammad al-Hajj sun yi rubutu a mujallar a kan muhawarar wane ne Musulmi a ƙasar Hausa da Barno a ƙarni na 19, batun da ya jawo musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi.

Ƙungiyar ta gane cewa mujallar ta yi wa ɗalibai nauyi, shi ya sa ta fito da wata mai sauƙi mai suna Tarikh a 1965 saboda makarantu. Ita ma da Turanci aka yi ta. Daga shekarun 1980, da darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, jami'o'i suka shiga ƙunci, fitowar mujallar ta daina zuwa a kan kari, manyan marubuta da dama kuma suka karkata ga mujallun ƙasashen waje. Yanzu tsofaffin fitowarta suna cikin JSTOR, wani rumbun mujallun ilimi a intanet.

To, ranka ya daɗe, ga abin da ke damuna. An ɗebo wannan ilimi ne daga hannun malaman zaure waɗanda suka ba da aron littattafan kakanninsu, da fadawa da maroƙa waɗanda suka zauna suka ba da labari, amma sakamakon bai dawo musu da harshen da suke ji ba. Shi ya sa har gobe ake ta jayayya a rediyo da Facebook a kan tambayoyin da aka riga aka tattauna da hujjoji fiye da shekara hamsin da suka wuce, kowa yana farowa daga tushe kamar ba a taɓa yin komai ba.

Roƙona shi ne ku ware shafi, ko sau ɗaya ne a wata, a ɗauko maƙala guda daga wannan mujalla, a nemi wani malamin tarihi ya taƙaita ta da Hausa mai daɗin karatu, ya faɗi hujjojin marubucin, ya kuma faɗi inda masanan da suka zo bayansa suka saɓa masa. Sassan tarihi na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, da kuma Gidan Arewa na Kaduna wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ba za su rasa waɗanda za su iya wannan aiki ba, kuma ya dace a nemi izinin ƙungiyar kafin a fara. Idan za a bi shawarata, da maƙalar 1970 za a buɗe.

Wassalam,
Wani mai bibiyar jaridarku