Zuwa ga Habu, a kan Golf ɗin da ke shan ruwa

Ɗana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai sanyin hunturu da ya sauko mana da ƙarfi.

Ƙaninka Sale ya dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ce a motarka ya zo. Ya ce tun daga tashar 'Yankaba zuwa Gujungu sau biyu kana tsayawa kana ɗura wa lagireto ruwa, salansa na fitar da farin hayaƙi, in kuma ka taka totur da lodi sai injin ya riƙa ƙara. Da ya yi maka magana ka ce ai haka Golf take. Ba haka take ba, Habu. Motar da ke zafi a cikin hunturu, yaya za ta yi a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40?

Ka fara da hayaƙin. Gobe da asuba ka tayar da ita, ka koma baya ka tsaya. In farin hayaƙin siriri ne, ya ɓace bayan injin ya ɗumama, tururi ne kawai, irin wanda ke fita daga bakinka da sanyin safiya. Amma in mai kauri ne, kana tafiya yana binka har rana ta take, to ruwan lagireto ne ke shiga inda fetur ke ƙonewa. Kada ka haɗa shi da mai shuɗi-shuɗi, wannan baƙin mai ne injin ke ci, ring ya mutu ke nan ko robobin bawul. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa.

Sannan ka zaro gejin baƙin mai, ka kuma buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. In ka ga wani abu kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa da mai sun haɗu. Kafin injin ya yi zafi ka buɗe robar ruwa, ka sa Sale ko yaron motarka ya tayar. In ruwan na ta ɓulɓulo da kumfa alhali ko ɗumi bai yi ba, iskar cikin silinda ce ke biyowa ta nan. Waɗannan duk gasket suke nunawa, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, wadda ke hana ruwa da mai haɗuwa. Tun da kuma ba ka ganin ruwa na ɗiga a ƙasa amma kullum jarka na ƙarewa, ni zargina yana can.

Sai dai gasket ba ya ƙonewa haka kawai, zafi ne ke cinye shi. In ka sa sabo ba ka nemo abin da ya kawo zafin ba, bayan wata biyu kana garejin. Ka duba ko fankar lagireto na tashi da kanta in allurar zafi ta wuce tsakiya, domin ta Golf da wuta take aiki, wani lokaci fiyus ne kawai ko makunnin da ke jikin lagireton. Ka duba famfon ruwa da bel ɗinsa, da tiyo-tiyo. Ka leƙa fuskar lagireton, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin da kake kwasowa a hanyar ƙauye suna toshe ta kamar an yaɓa laka. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa gishirinsu na daskarewa a ciki ya toshe hanyoyin ruwa, kamar yadda kake gani a gindin butar shayi. Ka sayi ruwan lagireto na galan, ya fi sauƙi a kan sabon inji. In bakanike ya ce zai cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in injin ya ɗau zafi, ya jefar, ka ce ya sa sabo. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ba a sanyi ba.

Tabon da ke hannuna na dama, wanda kuke tambaya kuna yara, ba wutar kara ba ce. Lokacin ina jan Fijo 504 ne, ta yi zafi ranar Juma'a ina dawowa daga Wudil, fasinja na ta ƙorafi, na sa tsumma na murɗe murfin lagireto. Ruwan da ke matse a ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, ya yi tsiri ya wanke mini hannu. Bayan nan, don haushi, na kwarara mata ruwan sanyi. Kan injin na alminiyom ne, irin na motarka, nan take ya lanƙwashe. Sa biyu na sayar kafin motar ta koma hanya. In allura ta hau ja, ka sauka gefen titi, ka kashe, ka ɗaga bonet, ka ba ta aƙalla rabin awa. Fasinja su yi ta magana, ba su za su biya ba.

Batun ƙarar, iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai nisa. Akwai siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, tana zuwa in ka matsa wa motar a babban giya, ta ɗauke in ka saki totur. Wannan fetur ne ke fashewa ba a kan ƙa'ida ba. Zafi na jawo ta, da filogi marar kyau, da taimin da ya goce, da gurɓataccen mai. Na san tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa na neman sauƙi, amma man jarka na bakin titi ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Wannan tana gyaruwa, ko da yake in an bar ta takan huda fistin.

Ɗayar mai nauyi ce, daga can ƙasan injin, kamar ana daka a turmi, tana ƙara sauri in ka ƙara wuta. Metal ne ya cinye, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu. In fitilar baƙin mai ta kama tare da ita, kada ka ce bari in kai tasha, kashe ta nan inda kake a jawo ta. Baƙin man da ruwa ya shiga ba ya riƙe metal, shi ya sa nake tsoron abin naka ya taso daga zafi ya bi ta gasket ya kusa isa can. In injin ya buga, maganar ta wuce ta gasket, sai dai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani injin.

Ka ajiye motar wannan makon. In an sauke kan injin ka tsaya a wurin da kanka, a gwada shi da ma'auni ko ya lanƙwashe, a kai shi a goge in akwai buƙata, a ɗaure kusoshin bi da bi da sifana mai awo, a juye man da matatarsa. In kuɗin bai kai ba, akwai buhun gyaɗa huɗu a ɗaki, ka aiko Sale.

Innarka na gaishe ka, ta ce a turo mata yaran in an yi hutu.

Mahaifinka.